Ranar da Na Ƙi Cewa Na Yafe

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni malamin makaranta ne a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo, magidanci, furfura ta fara leƙowa a gemuna. Kafin nan na yi aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a birni, inda nake fassara rahotanni ana karantawa. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, wanda mutane suke kira ostariti, aka rage ma'aikata, sunana ya fito a cikin waɗanda aka sallama. Na sayar da babur ɗina, na kwaso iyalina muka dawo Gwarzo gidan mahaifinmu, inda yayana yake riƙe da gida tun rasuwar tsohon. Na sayi keke na hannu, na sami aikin koyarwa, na shiga sahun masu taka feda a gefen kwalta safe da yamma. Abu ɗaya na taho da shi daga rediyo wanda bai rabu da ni ba har yau: kada ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba, kuma kada ka yi amfani da kalmar da ta fi ƙarfin abin da ya faru. Ban taɓa zaton wannan ɗabi'a za ta yi mini amfani a wajen aiki ba, balle a gaban alƙali.

Wanda bai taɓa tuƙa keke a wannan hanya ba, ba zai san fargabar da ke cikinta ba. Kwaltar ba ta da faɗi, bakinta ya ciccinye, kuma da ka sauka daga kanta rairayi ne mai kama taya. Yawancin direbobi ba sa taɓa hon sai sun zo dab da ƙeyarka, sannan su danna da ƙarfi, kai kuma ka firgita ka gangara cikin rairayin, ko ka tsira ko ka sha ƙasa. Na ga mai ɗauke da damin kara a gicciye mota ta taɓa bakin karan ta juya shi kamar maɓalli. Na ga dattijo da buhun gero a kariyar bayan kekensa, iskar babbar mota kaɗai ta kayar da shi. Saboda haka mu masu keke muka ɗauka a ranmu cewa duk abin da ya faru tsakanin mota da keke, mai mota ne da laifi. Mutanen ƙauyukan bakin hanya ma haka suka ɗauka, shi ya sa idan direba ya buge mutum ba ya tsayawa, yakan gudu ne ya kai kansa wurin hukuma, domin ya san idan ya tsaya sai abin da Allah ya yi.

A cikin direbobin hanyar akwai wani dattijo da ya fita daban. Akori-kura yake ja, ta wani Alhaji mai sayen hatsi, yana ɗauko wake da dawa daga wajen Getso da Madadi yana kaiwa birni. 'Yan tasha sun sa wa motar suna Hawainiya. Sukan ce wanda ya shiga motarsa don zuwa suna, sai dai ya tarar da bikin auren jaririn. Wata rana ina shan shayi a bakin tasha na ji wani ɗan kamasho yana tsokanarsa, wai jiya an ga wata tsohuwa da sandarta ta wuce shi a hawan gada har ta waiwayo ta yi masa sannu. Aka fashe da dariya, shi ma ya yi tasa, ya ce ai ya gane ta, kakar ɗan kamashon ce, kuma ya rage gudu ne don ya ga ko har yanzu tana neman miji. Da dariya ta lafa sai ya ƙara da cewa shi dai wake yake ɗauka, wake kuwa ba ya tsami a hanya. Ya shanye shayinsa ya tashi.

Mu da muke kan keke ba mu taɓa sa baki a wannan tsokana ba, domin mun san abin da su ba su sani ba. Tun daga nesa yake taɓa hon, a hankali, sau biyu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Kana ji ka san shi ne, hankalinka ya kwanta, ka ci gaba da tafiyarka a kan kwalta. Ba ya wuce mai keke a kan kwalbati, ba ya wuce shi a kwana, ba ya wuce shi idan wata mota tana tahowa ta gaba. Sai ya biyo ka a baya da haƙuri har hanya ta buɗe, sannan ya ba ka fili mai yawa ya wuce, ya ɗaga maka hannu. Idan ya ga kana ɗauke da kaya masu faɗi, yakan ƙara maka filin. Shekara da shekaru muna haka da shi, gaisuwar hannu kawai ke haɗa mu. Ban san gidansa ba, shi ma ban ce ya san nawa ba, amma da za a tambaye ni wa na fi amincewa da shi a duk faɗin hanyar nan, da shi zan nuna.

Abin ya faru ne ba da daɗewa ba bayan ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, lokacin da ko'ina ka zauna maganarta ake yi, talaka yana ganin yanzu kam haƙƙinsa zai fito. Na taso daga makaranta da la'asar sakaliya zan leƙa Kabo, sanye da farar riga, ina tafe a hannuna na dama. Da na kusa wani ƙauye na bakin hanya sai na hango tabarmi a shimfiɗe a ɗaya hannun, gindin wata bishiyar darbejiya, ga takalma birjik, ga mutane zaune. Zaman makoki ne. Ban ji labarin rasuwa ba, don haka na rage taka feda ina leƙe ko zan ga wanda na sani. Ana cikin addu'a, kowa ya sunkuyar da kai hannuwa a buɗe. Ban gane kowa ba, sai na ci gaba. Na ɗan gota wurin ke nan na ji hon ɗin nan mai laushi a bayana, na kuma gane shi sarai. A daidai wannan lokaci na sake waiwayawa hagu, idona ya faɗa kan wani tsoho da ke zaune a tsakiyar tabarma. Aminin mahaifinmu ne, mutumin da ya yi mini walicci, kuma inda ya zauna ya nuna shi ake yi wa ta'aziyya.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ba a gaida irin wannan mutum daga kan keke, balle a ranar da aka yi masa rasuwa. Sauka ake yi, a jingine keken, a cire takalmi, a durƙusa. Kunyar cewa na riga na wuce shi ta rufe ni gaba ɗaya, har ta mantar da ni hon ɗin da na ji yanzun nan. Ban waiwaya baya ba, ban miƙa hannu ba, kawai na karya kan keken na yanko titi. Na ji ƙarar birki a kunnena, na ga inuwar mota ta rufe ni sannan ta zame ta koma dama, na ji wani rugugi kamar bango ya faɗi. Na firgita na matse birkin gaba, gefen rigata ya shiga sarƙa, keken ya tsaya cak, ni kuma na wuce ta samansa. Abu na ƙarshe da na sani shi ne zafin kwalta a kumatuna.

Sauran labarin daga baya na tattara shi, daga bakin mutane dabam-dabam. Masu makoki sun ɗago kai ne suka gan ni kwance jina-jina a tsakiyar titi, ga akori-kura ta faɗa rami a gefen hanya, buhunan wake sun tarwatse. Direban ya fito ta taga, goshinsa yana zubar da jini. Daji yana nan a buɗe a bayansa, da ya so da ya shige, amma ya nufo inda nake ya durƙusa yana tallabar kaina. A nan samarin ƙauyen suka same shi. An ce bai ɗaga hannu ya kare kansa ba, domin hannuwansa suna riƙe da kaina, abin da yake ta faɗa kawai shi ne a kawo ruwa, a tsayar da mota. Wani ya sauke masa icce a kunne. Sai da tsohon da na je gayarwa ya taso da kyar, ya tsaya a kansa ya ce duk wanda ya ƙara taɓa shi bai yafe ba, sannan suka ja da baya. Direban ne ya tsayar da wata mota, shi ya ɗauke ni ya sa a ciki, ya riƙe ni har asibiti. Sai da ya ga an karɓe ni sannan ya yarda aka duba nasa raunin.

Na karye a hannu, kafaɗata ta goce, fuskata ta kumbura har ba na iya magana sosai. Ina kwance yayana ya shigar da ƙara a kotun Shari'a yana neman haƙƙin raunin da aka yi mini. Ba zan zarge shi ba. Ya ga ƙaninsa a wannan hali, ga mutanen ƙauye suna rantsuwa cewa mota ce ta kwashe ni, ga shi shi ma mai keke ne da ya sha rairayin hanyar nan. Ya ce an daɗe ana taka talaka a wuce, yanzu kuwa lokaci ya canja. A ɗaya ɓangaren, Alhaji mai motar ya karɓe makulli, ya ce ba zai mayar wa direban ba sai kotu ta wanke shi, idan kuma aka same shi da laifi, to, ya nemi wata sana'a. A tashar nan kowa ya san kowa. Dattijon da aka tabbatar ya buge mutum, babu mai sake ba shi mota, kuma shi ba gona gare shi ba, ba shago ba. Tuƙin nan shi ne abincin gidansa.

Bayan an sallamo ni, manyan tasha suka zo wurin yayana neman sulhu. Aka zauna a zaure, aka yi gaishe-gaishe, aka jajanta, aka kawo ayoyi da hadisai kan falalar afuwa. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ranar zaman kotu zan miƙe in ce na yafe wa direban duniya da lahira, ba na neman komai, magana ta mutu. Yayana ya amince, ya ce gidanmu ba a san mu da riƙo ba. Manyan tasha suka yi ta sa mana albarka. Ni kaina na ji daɗin wannan shawara, domin ta yi wa kowa daidai: yayana bai ji kunya ba, mutanen ƙauye ba a ƙaryata su ba, ni kuma na fita da sunan mai karamci. Na san ni na yanko titi, na kuma faɗa wa yayana haka tun ina asibiti, amma ya ce buguwar kai ce take sa ni sambatu, kuma ko da hakan ne, wanda yake da birki da hon shi ya kamata ya kula. Na bar maganar a nan, ina ganin tunda dai za a yafe, ai duk ɗaya ne.

Ana saura 'yan kwanaki a shiga kotu, direban ya zo duba ni da hantsi. A ƙafa ya zo, kunnensa a naɗe da bandeji, yana riƙe da 'yar ledar lemo. Wannan ne karo na farko da muka zauna muka yi magana. Ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta da yara, har ya tambayi keken, ya ce yana fata bai lalace ba. Idan zan yi magana sai ya juyo da ɗaya kunnen, a nan na gane wancan ya daina ji. Don in kwantar masa da hankali na ce, Baba, kada ka damu da zaman kotun nan, an riga an gama magana, zan ce na yafe. Ya yi godiya, ya ce Allah ya saka da alheri. Har ya fara neman takalminsa, sai ya koma ya zauna.

"Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa," in ji shi. "Mai laifi ake yafe wa. Idan ka ce ka yafe, ka gaya wa duniya na buge ka ke nan. Ni kuwa ban taɓa ka ba."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma roƙe ni komai ba. Ya ce idan ban tuna abin da ya faru ba, kada in faɗi abin da ban sani ba saboda shi, Allah yana gani. Ya yi sallama ya tafi, ya bar ni da lemo da maganarsa. Na daɗe zaune ina juya ta. Ni da na yi shekaru ina auna kalmomi kafin a karanta su, ban lura da nauyin wannan ba sai da wanda za ta faɗa a kansa ya nuna mini. Da yafiyar tawa za a rufe shari'a, amma Alhaji ya ce wankewa yake jira, kuma wanda aka yafe wa ba a wanke shi ba. Na sa aka fito mini da keken daga inda aka jingine shi. Kansa ya karkace, fitilar ta fashe, ga guntun rigata har yanzu a cikin sarƙa. Tayar baya kuwa da kariya lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Motar da ta taho daga baya, ɗauke da buhunan wake, ba za ta taɓa keke ta bar bayansa haka ba.

Na sami yayana bayan sallar azahar na gaya masa ba zan iya cewa na yafe ba, kuma na gaya masa dalili. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce shi ya kai ƙara, shi ya zauna da manyan mutane ya ba su baki, yanzu ina so in tashi a gaban alƙali in mayar da shi maƙaryaci. Ya ce in tuna da mutanen ƙauyen da suka tsaya mini, waɗanda idan direba ya fita ba laifi, dukan da suka yi masa zai koma kansu. Ya ce in tuna da tsohon nan aminin mahaifinmu, kada a ce gaisuwarsa ce ta jawo masifa. Duk abin da ya faɗa yana da nauyi, kuma ban taɓa musu da shi ba tun muna yara. Na ce, Yaya, ba kai ka yi ƙarya ba, abin da aka gaya maka ka ɗauka, amma ni da nake kan keken idan na yi shiru ni ne maƙaryacin. Ya tashi ya shiga gida.

Alƙalin da ya saurari ƙarar mutum ne mai natsuwa, ba ya gaggawar magana. Ya fara da shaidun ƙauye. Kowanne ya ce mota ta buge ni, shi kuma sai ya tambaye shi abu ɗaya: a lokacin da abin ya faru, ina idonka yake? Ɗaya bayan ɗaya suka amsa cewa ana cikin addu'a ne, kansu yana ƙasa, ƙara suka ji suka ɗago. Sannan ya juya kan direban ya ce ya faɗi nasa. Dattijon ya ce tun daga nesa ya hango tabarmi da takalma, ya kuma ga mai keke a gabansa da farar riga ya rage taka feda yana kallon hagu. Ya ce a wannan hanya ya daɗe da sanin cewa duk inda ake zaman makoki, ko ɗaurin aure, ko wani babba yana zaune a bakin titi, mai keke zai iya tsallakawa ba tare da ya waiwaya ba, domin hankalinsa yana kan gaisuwa. Saboda haka ya sauko da giya ya biyo ni a baya, bai yi niyyar wucewa ba sai da ya ga na gota wurin. Ko da ya yi hon ya fito zai wuce, ƙafarsa tana kan birki, domin bai gama amincewa ba. Da na yanko, ya ga idan ya bi hagu zai same ni ko ya faɗa kan masu makoki, sai ya karya sitiyari ya bi inda na baro, ya san rami ne. Alƙali ya tambaye shi ko yana ganin akwai inda ya gaza. Ya ɗan yi tunani, ya ce, Allah ya gafarta Malam, da na ƙara haƙuri kaɗan kafin in fito, da malamin makarantar nan ya tsallaka lafiya ya yi gaisuwarsa.

Ina zaune ina jin mutumin da na jefa a rami, aka kashe masa kunne saboda ni, yana laluben laifin kansa a gaban alƙali. Da aka zo kaina, alƙali ya ce an sanar da shi akwai maganar sulhu, ko ina da abin faɗa. Na ga manyan tasha suna gyaɗa mini kai, yayana kuwa ƙasa yake kallo. Na miƙe, hannuna a rataye, na ce:

"Allah ya gafarta Malam, ban yafe masa ba, domin bai yi mini komai ba. Na ji hon ɗinsa, na yanko titi ban waiwaya ba. Motarsa ba ta taɓa ni ba. Ni ne nake neman ya yafe mini."

Na nemi a shigo da keken, alƙali ya taso da kansa ya duba tayar baya, ya duba guntun rigar da ke cikin sarƙa. Ya koma ya zauna ya ce babu haƙƙin kowa a kan direban, kuma a rubuta cewa ya kuɓutar da rai ne ta hanyar sa nasa a haɗari. Ya tambaye shi ko yana ƙarar waɗanda suka doke shi. Dattijon ya ce a'a, yara ne, sun ga jini sun ruɗe, kuma ranar suna cikin baƙin ciki, ya yafe musu. Ya juyo ya ce ni ma ya yafe mini. A ranar na ga inda kalmar ta dace, na kuma ji yadda take sauka a kan wanda ya cancance ta. Alƙali ya yi wa mutanen ƙauye nasiha mai zafi kan ɗaukar hukunci a hannu da shaidar abin da ido bai gani ba. Alhaji mai motar yana wurin. Ya yi ta ƙorafin gyaran da motar za ta ci, amma kafin a watse ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa wa direban a gaban jama'a.

Yayana ya yi kwanaki ba ya amsa mini sai gaisuwa. Tsohon nan aminin mahaifinmu ne ya kira mu ya sasanta, ya ce da na mutu a kan titin nan saboda gaishe shi, da wace fuska zai tarar da mahaifinmu. Ya ce daga yau duk wanda ya gan shi a bakin hanya ya ɗaga masa hannu ya wadatar. Hawainiya ta dawo hanya da sabon fenti a gefe ɗaya, 'yan tasha suka ci gaba da tsokana, sai dai yanzu cewa suke yi motar da ta fi son rami a kan ta taka malamin makaranta. Ni ma na koma kan kekena. Duk lokacin da na ji hon ɗin nan a bayana, sai in tuna mai yin sa da kunne ɗaya yake jin sa, kuma ni ne sanadi. Wannan nadama ba ta bar ni ba, ba na kuma so ta bar ni.

Abin da ya sa na rubuto, Edita, shi ne yau hanyar ta fi da cika, ga babura, ga motoci masu gudu, ga kekuna har yanzu a gefe. Ina kira ga direbobi su koyi abin da dattijon nan ya iya. Kada ka tsaya ga kallon mai keke kaɗai, ka duba abin da shi yake kallo. Inda ka ga tabarmi, ko masallaci ana shirin salla, ko bakin kasuwa, ka ɗauka wani zai yanko. Ka yi hon tun daga nesa, ka ba shi fili, kada ka wuce shi a kwana ko a kan kwalbati, kuma ka bar su su kira ka hawainiya. 'Yan'uwana masu keke, ladabi abu ne mai kyau, amma babu dattijon da yake so a gaishe shi da gawa. Ka tsaya a hannunka, ka sauka, ka duba gaba da baya. Mutanen bakin hanya kuma su ji tsoron Allah, kada su ɗaga icce a kan abin da kunnensu kawai ya ji. Wanda kuma aka ce ya yafe, ya fara tabbatarwa an yi masa laifin.

Dattijon direban ya rasu 'yan shekarun baya, a kan shimfiɗarsa, ba da jinin kowa a hannunsa ba. Gidansa ashe a bakin titi yake, a nan aka shimfiɗa tabarmin makoki, kuma a ɗaya hannun nake tahowa. Na tsaya, na sauka daga keken, na duba gabas na duba yamma, na jira wata mota ta wuce. Sannan na turo shi a ƙafa na tsallaka, na cire takalmi na zauna a cikin masu yi masa addu'a. Allah ya jiƙansa, ya sa ya iske hanya a buɗe kamar yadda ya riƙa buɗe mana.